Dokar dara tana bakin 'yan kallo

A bayan Kasuwar Kurmi, in ka gangara ta wajen Jakara, akwai wani dakali a gindin wani tsohon soro inda dattawa huɗu ko biyar suke zama daga la'asar har kiran magariba. Tun da aka malale lungun da siminti babu sauran ƙasar da za a tona gurabe, sai ɗayansu ya samo wani faffaɗan katako, kafinta ya fafe masa gurabe talatin, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Katakon ya sha hannu har ya yi baƙi ya yi santsi. Na gabas yana riƙe da ƙwallon dabino goma sha biyu, na yamma da guntayen kara goma sha biyu. Dara suke yi, irin ta jera uku a ci ɗaya, daban da wadda muka yi muna yara a tsakar gida, mai gurabe goma sha biyu da 'ya'ya hurhuɗu.

Na yi shekaru ina wuce su, wani lokaci in tsaya mu gaisa in ɗan taɓa kallo. Ban taɓa jin wani ya zaunar da wani yana karanto masa dokar wasan ba, ban kuma taɓa ganin ta a takarda ba. Amma bari baƙo ya ɗaga kara ya ajiye inda bai dace ba, kafin ya janye hannu baki uku sun riga sun ce, "A'a, ba a haka." Shi ke nan, an gyara shi, gobe ba zai sake ba. Duk wanda ke dakalin nan ta haka ya iya.

Ɗan yayata ne ya sa na fara sauraron wannan "ba a haka" da kunnen basira. Yana ajin ƙarshe a jami'a, kimiyyar kwamfuta yake karanta, kuma aikin kammalawar da ya zaɓa shi ne ya sa darar nan a waya, yadda wanda ke Jidda ko Legas zai buga da ɗan'uwansa da ke Yakasai. In kuma babu abokin wasa, ƙirƙirarriyar basira ta zauna a ɗaya gefen ta buga da kai, ta raba gardama in ta taso. Wata Asabar ya shigo gidana da kwamfutarsa a hammata, fuska ba walwala, ya ce, "Kawu, abin nan maguɗi yake yi mini, kuma na duba na ga ni na jawo."

Sai da ya bi da ni a hankali na gane. Basirar nan da ake hira da ita, irin ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, magana kaɗai ta iya, ba ta da hannun ɗaga kara. In ana so ta taɓuka wani abu sai a mayar da ita ɗan aike, a ba ta kayan aiki. Kayan aikin wasu 'yan umarni ne da mai gina manhaja yake tanada: wannan na ajiye ɗa a gurbi, wannan na gusar da shi, wannan na cire ɗan abokin karawa, wancan na duba yadda katako yake. Kowanne yana da suna, da 'yan layukan bayanin abin da yake yi, da jerin abin da za a cike masa kafin ya motsa. Ɗan aiken ba ya leƙa cikin injin. Ɗan bayanin nan shi ne iyakar abin da yake gani, da shi yake yanke wanda zai ɗauka da lokacin da zai ɗauka. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari mai suna Model Context Protocol domin a daidaita yadda ake miƙa wa ɗan aike irin waɗannan kaya, kuma masu son wasanni ba su yi wata-wata ba suka shiga haɗa shi da teburan wasa na cikin kwamfuta.

Teburan nan sun daɗe a ƙasashen Turawa. Akwai Roll20 tun 2012, akwai Foundry da ya fito a 2020, inda abokai da ke garuruwa daban-daban suke haɗuwa a kan taswira ɗaya su buga irin su Dungeons & Dragons, wasan tatsuniya da jefa ƙwaya da aka fara bugawa a Amurka a 1974. Can ma ciwon ɗaya ne da na ɗan yayata. A wasan nan kowane murabba'i na taswira ƙafa biyar yake wakilta. To in bayanin kayan aiki ya ce "gusar da jarumi da shida" bai faɗi shidan me ba, ƙafa ce, murabba'i ne, ko ɗigon allon kwamfuta, jarumin zai iya tsintar kansa cikin bango. Mai jagorar wasan kuma yana da sirrin da sauran ba su sani ba, kamar dodon da ke laɓe bayan ƙofa. In bayani bai ce wannan saƙon kowa zai gani, wancan raɗa ce ga mutum ɗaya ba, ɗan aike zai tona asiri a bainar jama'a, wasan dare guda ya lalace.

Ɗan yayata ya buɗe mini nasa bayanin na karanta. A ƙarƙashin umarnin gusarwa ga abin da ya rubuta, da Turanci, layi ɗaya tak: yana gusar da ɗa daga gurbi zuwa gurbi. Ga wanda ya taso yana kallon dara, layin ya wadatar. Kowa ya san taku ɗaya ake yi, gaba ko baya, dama ko hagu, zuwa gurbin da babu kowa. Ɗan aiken bai taso a Jakara ba. Abin da ya fi karantawa a duniya labarin dirafti ne da dangoginsa, don haka ya riƙa tafiya ta kusurwa, har ya tsallake ɗa ya ce ya ci. Da yaron ya toshe wannan ƙofar a cikin injin, sai ya sa injin ya riƙa mayar da kalma ɗaya in an yi ba daidai ba: kuskure. Ɗan aiken ya ji "kuskure", bai san na mene ne ba, ya sake irin takun, ya sake, daga ƙarshe ya sanar cewa ya buga, saura kai, alhali katako na nan yadda yake. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar masifa: masu rubuta manhaja daga sifiri suke fara ƙirga, shi kuwa ɗan aiken daga ɗaya ya ɗauka, tun da ba a gaya masa ba. Duk ɗan da ya ajiye sai ya sauka a gurbin maƙwabci.

Na yi ta tunanin aiken yara da muke yi. Ka ce wa yaro je ka Kurmi ka sayo mini turare. In yana da hankali, kafin ya kai bakin zaure zai juyo ya ce, na wuta ko na jiki? In ya manta, mai shagon zai tambaye shi gidan wa aka aiko ka, ya ba shi irin wanda gidan suke saye. Saƙonka guntu ne, amma unguwa ta cike maka shi. Wannan ɗan aiken sau da yawa ba ya juyowa daga bakin zaure, kuma ba shi da mai shagon da ya san gidanku. Duk inda ka bar rami, da zato yake cikewa, ya kawo maka cikin ladabi da cikakken tabbaci.

Na tambayi ɗan yayata inda ya samo dokar tun farko. Ya ce a intanet. Abin da ke can ɗan kaɗan ne, kuma kusan duk da harshen Turawa. Wani likita Bature, R. C. Bell, ya kawo dara a littafinsa na wasannin al'ummomin duniya da ya fito a 1960, a matsayin wasan Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru. Zabarmawa a Nijar suna kiran ta dili. Rubuce-rubucen sun faɗi yadda ake farawa: a yi ta ajiye 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, ba a jera uku a lokacin ajiya, bayan nan a fara gusarwa, wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokinsa guda, wanda ya kasa sake jera uku an cinye shi. Duk gaskiya ne. Sai dai iyakar abin da mutum zai gane da kansa ke nan in ya tsaya kallo na rabin sa'a. Wurin da ake ɗaga murya ba ya ciki.

Na ce masa ya rufe kwamfutar mu je dakali.

Ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, aka tambaye shi ɗan gidan wane ne, aka yi wa kakansa addu'a. Sannan ya ciro ɗan littafi da biro ya ce wa mai katakon, "Baba, tambaya na zo da ita a kan dara." Tsohon bai ɗago ba, ya ce, "Ina jin ka, yaro."

"Baba, in mutum ya gusa sai 'ya'yansa suka zama huɗu a layi, ya ci?"

"Bai ci ba. Uku ake ci da ita."

Na gefensa, wani dogo mai farin rawani wanda ya ce shi a Damagaram ya koya wurin kawunsa, ya ce, "Ai ba a ma yin huɗun. Mayar da ɗanka za a ce ka yi." Mai katakon ya ajiye ƙwallon dabinon da ke hannunsa ya dube shi. "Ana yi mana, Malam. Ci ne dai babu." Suka ɗan ja. Mutum biyu da suka yi shekara da shekaru suna fuskantar juna a kan katako ɗaya, sai a ranar suka gano kowa da tasa dokar a ciki, don kawai gwanaye ne, ba mai yin takun da ba shi da riba balle maganar ta taso.

Yaron ya ci gaba, biro na rawa. In 'ya'yan abokinka uku suna jere, za ka iya cire ɗaya daga cikinsu ko sai na waje? Aka rabu biyu nan ma. In ka taɓa ɗa ka fasa fa? Nan kam baki ya zo ɗaya: in ka saki ka saki, in yana hannunka kana da sauran zaɓi. In duk 'ya'yanka sun toshe, babu gurbin gusawa? Aka yi shiru, wani ya ce ya taɓa gani sau ɗaya. Sai ya kawo wadda ta tsayar da wasan gaba ɗaya: in taku ɗaya ya jera uku a tsaye da uku a kwance lokaci guda, ɗa ɗaya za a cire ko biyu?

Tsohon ya daɗe yana kallon katakon. Ya ce, "Tun ina saurayi nake wasan nan, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar."

"In ta faru fa, Baba?"

"In ta faru, sai a ga waɗanda ke wurin."

Amsar nan ta zauna mini a rai. Ba kauce wa tambaya ya yi ba, yadda abin yake ya faɗa. Dokar tana wurin mutanen da ke tsugune a gefe, babba a cikinsu ya yi magana a bi, gobe a tuna cewa ranar kaza haka aka yanke. A waya kuwa babu waɗanda ke wurin. Duk hukuncin da 'yan kallo za su yanke nan da shekara goma, dole yaron nan ya yanke shi yau, shi kaɗai, cikin dare, ya rubuta shi a layi biyu.

Wannan ne ya ɗan tsorata ni, domin na riga na ga yadda aka yi da lido. A ɗaya ƙarshen lungun samari ne suke zama, kawuna huɗu a kan waya ɗaya, suna buga Ludo King, manhajar wani kamfanin Indiya da ta fito a 2016. Lidon da muka sani allo ne a cikin firam na katako da gilashi a kai, ƙwaya biyu ake kaɗawa a ɗan gwangwani, kuma in ka taka ɗan wani, nasa ya koma gida, naka ya fita ya gama tafiyarsa. Na wayar ƙwaya ɗaya ce, akwai gidaje masu tauraro da ba a cin mutum a kansu, in ka ci kuma ɗanka yana nan zai ci gaba da zagaye. Na tambayi wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ko ya san ana yi da ƙwaya biyu, ya ce wannan ai ba lido ba ne. Ba a yi taro an soke tamu ba, ba a yi musu an kayar da mu ba. Wani ya rubuta tasa a inda waya za ta karanta, mu ba mu rubuta ba. Asalin wasan ma daga Indiyar yake, Ingila ta yi masa rajista da sunan ludo a 1896, mu muka karɓa muka yi masa namu gyaran, gyaran kuma a baki ya tsaya. Haka kartar wot, wadda William Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935: ɗauki biyu, dakata, kowa ya je kasuwa in an jefa sha huɗu, duk a wurin wasa aka koya mana su, ban san wanda ya taɓa tsayawa karanta 'yar takardar cikin kwali ba. Malamanmu dai tun can ba su saki jiki da wasan jefa ƙwaya ba, Muwaɗɗa ma tana da babi a kan nardi, shi ya sa dattawan dakali suke ganin tasu darar, wadda babu sa'a a cikinta sai lissafi, ta fi ƙarfin a haɗa ta da lido.

Da za mu koma muka ratsa ta cikin Kurmi, ta layin masu littattafai, inda ƙanshin sabuwar takarda yake gauraye da na fata. Idona ya faɗa kan Ahalari, ɗan siririn nan da kusan kowane ɗan birni ya fara da shi a zaure. Ba ina haɗa littafin addini da wasa ba ne, Allah ya kiyaye, darasin rubutu na ɗauka a ciki. Mai littafin, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, bai tsaya a faɗar yadda ake tsarki da salla ba. Wani babban kaso na ɗan littafin ya ba da shi ga rafkanuwa: wanda ya manta kaza, wanda ya ƙara kaza, wanda ya yi kokwanto ko uku ya yi ko huɗu, wanda ya tuna bayan ya yi sallama, inda ake ƙabli da inda ake ba'adi. Marubucin ya san ɗalibinsa zai tsaya wata rana shi kaɗai, ba malam a kusa, ya rikice. Don wannan ranar ya yi rubutun. A gefensa ga Muhtasar na Shehu Halil, wanda aka matse maganarsa har ba ya karantuwa sai da sharhi, sharhin ma sai an durƙusa gaban malami. Taƙaitawar ta yi daidai a inda aka tabbata akwai malami. Ɗan yayata irin ta Muhtasar ya yi, ya miƙa wa wanda ba shi da zauren zuwa.

A ganina da wannan ake auna bayanin kayan aiki, na ɗan aiken kwamfuta ne ko 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin fanka. Kowa zai iya rubuta abin da ke faruwa in komai ya tafi daidai. A duba ko ya faɗi lokacin da ba a ɗaukar wannan kayan, da abin da in an yi ba ya warwaruwa, kamar cire ɗa daga katako. A duba ko ya faɗi daga wace kusurwa ake ƙirga gurabe, da abin da zai dawo in an yi kuskure, da ko abin da ya dawo ɗin zai nuna wa mai kuskuren hanya. Tsawo kuma ba shi ne kyau ba. Yaron ya gaya mini ɗan aiken yana karanta bayanan nan duka a kowane taku, in sun yi yawa ko sunayensu sun yi kama da juna sai ya ɗauki wannan a maimakon wancan, kamar mai laluben mukulli a cikin duhu.

Gwajin da yaron ya yi daga baya ya burge ni don sauƙinsa. Ya sake rubuta bayanan, ya juya su da Hausa a takarda, ya ba ƙanwarsa da ba ta taɓa ganin wannan darar ba, ya zana mata gurabe talatin a kwali, ya ce ta buga da shi ba tare da ya buɗe baki ba. Duk inda ta ɗago ta ce, "Yaya, a nan fa?" sai ya sa jan biro. Shafin farko ya yi ja sosai. Inda ya fi tsorata shi kuma shi ne inda ba ta tambaya ba, ta yi gaban kanta da tabbaci kuma ta yi ba daidai ba, domin nan ne ɗan aiken ma yake zamewa. Kalmar "kuskure" ya cire ta gaba ɗaya. A madadinta injin yana cewa abin da ya faru da abin da ya halatta: gurbin nan da mai shi, ga waɗanda suke a buɗe kusa da kai. Maganar huɗu a layi kuwa ya ƙi zaɓar ɓangare. Ya sa tambaya a farkon wasa, ta mai katako za a bi ko ta mutumin Damagaram, ɗan aiken kuma ana gaya masa wadda aka zaɓa kafin a ajiye ɗan fari.

Bayan sati uku muka koma dakalin da waya. Tsohon bai yarda ya taɓa gilashin ba, sai dai ya nuna gurbi da tsinken sakace, yaron ya danna masa. Suna cikin yi ɗan aiken ya nemi cire ɗaya daga cikin uku da tsohon ya jera, injin ya hana shi, rubutu ya fito. Tsohon ya ce, "Me ya ce?" Yaron ya karanta masa: "Ba a haka. Ba a cire ɗan da ke cikin jerin uku, zaɓi wani." Tsohon ya ɗan yi murmushi ya ce, "Wa ya gaya masa?"

"Kai ne, Baba."

Mai farin rawani ya matso ya ce a wurinsu ana cirewa, a sa tasa ita ma. Yaron ya ce in Allah ya yarda zai sa, ya rubuta a ɗan littafinsa. Sannan ya sake tambayar maganar uku a tsaye da uku a kwance, domin a cikin kwamfutarsa wurin yana nan fayau, bai rubuta komai ba. Mai katakon ya ce a bari sai wani tsoho da ke Dandago ya samu sauƙi ya fito, ya girme su duka, a tambaye shi. Ladan ya ɗaga murya, aka kwashe ƙwallon dabino aka zuba a aljihu, aka jingine katakon a bango.